Ba A Barin Asibiti Ran Asabar

Gado ya ƙare a asibitin gunduma ran Asabar da hantsi. Mutum goma sha tara sun warke, an sa hannu a takardar sallamarsu, amma ko ɗaya bai ɗaure kayansa ba. A nan ƙasar Jawa ba a barin asibiti ran Asabar. Wanda ya fita, in ji tsofaffi, a kwance zai dawo. A baranda kuwa masu zazzaɓin dengi ne jere a tabarmi, an rataye musu ledar ruwa a ƙusar bango.

Pak Darmaji ne manajan asibitin (a nan Pak kamar Malam ne a wurinmu). Bai taɓa riƙe allura ba, shi ya sa likitoci ke ce masa Sarkin Makullai, ba don yabo ba.

Likita Ratri ta tare shi a ƙofar ɗakin mata. "Pak, akwai mai ciki a baranda, hancinta ya fara jini. In ba ta hau gado an sa mata iskar numfashi kafin azahar ba, ban yi maka alkawarin komai ba. Ko aikin naka ƙirga tsintsiya ne kawai?"

Ya wuce wurin Mbah Ngatiyem, wato Kaka Ngatiyem, tsohuwar da sauran marasa lafiya ke jin maganarta.

"Mbah, ai kin warke."

"Na warke, ɗan nan. Gobe zan tafi."

"Yau fa?"

"Mijina ran Asabar ya fita. Ran Laraba muka binne shi."

Darmaji bai yi gardama ba, don shi ma ba zai fitar da uwarsa yau ba. Ya ce, "Barin gadon ne ba kyau, ko fita ƙofar asibiti?"

"Ƙofa mana. Kai a ina aka haife ka?"

Cikin harabar akwai sabon zauren taro da matar shugaban gunduma za ta buɗe da la'asar. An shimfiɗa jan kafet, an ɗaura ƙyalle a ƙofa, an kafa tsibin shinkafa rawaya wanda babban baƙo kaɗai ke yanke kansa. Makullin yana aljihun Darmaji. Ya kira daraktan asibitin a waya sau uku ba a ɗauka ba, sai ya kwance ƙyallen da hannunsa.

Mbah ce ta fara shiga, sauran suka bi ta da filonsu. Ba a kira azahar ba sai da aka sauya zanen gado goma sha tara, mai cikin nan ce ta fara hawa.

Ƙarfe huɗu darakta, Likita Hendarto, ya iso da baƙuwarsa. Suka tarar da tsofaffi a miƙe kan kafet, Mbah ta yanke kan shinkafar tana rabawa a ganyen ayaba.

"Wa ya ba ka izini?" in ji darakta, murya ƙasa-ƙasa.

"Babu, Pak. Baranda dai ba kowa yanzu."

Baƙuwar ta yi murmushi, ta ɗauki hoto da tsofaffin, ta tafi ba ta sha ko shayi ba. Darmaji ya san irin murmushin nan.

Ba wanda ya mutu a asibitin ranar. Mai cikin ta haihu lafiya bayan sati uku. Har yau duk Asabar ana buɗe wa waɗanda aka sallama zauren, darakta ma ya karɓi lambar yabo a kansa.

Darmaji kuwa takarda ya samu: an mai da shi aiki a wata ƙaramar shamagani a tsibiri, gado shida, jirgin ruwa sau ɗaya a sati. Likita Ratri ce ta ɗaukar masa kwalinsa har bakin ƙofa.

"Yau Asabar fa, Pak," ta ce. "Mai fita yau dawowa yake."

"Allah ya sa tsofaffi sun yi gaskiya."

Ya miƙa mata makullan ya fita. Bana shekara huɗu ke nan, bai dawo ba.