Awa Goma Sha Huɗu Babu Sauka

Ranar da Inna ta ce za ta je wajen ƙanwarta da za a yi wa aikin zuciya a wani birni can ƙetaren teku, babban ɗanta, likitan haƙori, ya ja kujera kusa da keken ɗinkinta. Ya ciro waya ya nuna mata wani siririn layi da ya ratsa taswira.

"Inna, kilomita dubu goma sha ɗaya ne fa. Awa goma sha huɗu a sama. Ke da ƙafarki ke kumbura in kin wuni kan keke?"

"To, sai me?"

"Jini na daskarewa a ƙafa. Ana mutuwa a haka. Ni dai ba da yawuna ba."

Sai da ta ƙarasa kalmasa bakin rigar da ke hannunta, ta yanke zare, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Da yawun wa na haife ka? Kai baki aka koya maka. Ranar da na ce haƙorina na ciwo, ka zo ka yi min wa'azi."

Washegari ta tafi wajen likitarta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Likitar ta auna ta, ta ba ta safa mai matse ƙwauri da ƙwayoyi, ta ce kada ta yarda awa guda ta wuce ba ta miƙe ta taka ba. Daga nan Inna ta zarce ofishin sayar da tikiti. Yarinyar da ke kan tebur ta ce akwai jirgin da ke yada zango sau biyu, tsofaffi sun fi son sa.

"A'a, 'yata. Jibi za a shiga da ƙanwata ɗakin tiyata. Ba ni wanda ba ya tsayawa, kuma kujerar bakin hanya."

Ɗan ne ya kai ta filin jirgi, fuska a murtuke, yana ɗauke da jakarta.

Awa huɗun farko kamar wasa. A ta bakwai bayanta ya riƙe, gwiwoyinta suka yi tsami, jirgin ya shiga girgiza har ruwan kofinta ya zube mata a cinya. Ta damƙe hannun kujera, ta yarda a ranta cewa yaron bai yi ƙarya ba. Amma da fitilar ɗaura bel ɗin kujera ta mutu ta dafa ta miƙe. Ta je ƙarshen jirgi ta dawo, tana dafa kujerun mutane ɗaya bayan ɗaya.

Zagaye na goma, wata ma'aikaciyar jirgi ta tare ta.

"Mama, ki ɗan huta mana."

"In na zauna, ɗana ya ci gari. Ba ni hanya."

Da suka sauka takalmanta suka ƙi shiga. Aka turo mata keken marasa lafiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗora masa jaka da takalman, ta kama shi tana turawa, ba komai a ƙafarta sai safa, har bakin ƙofar fita inda surukin ƙanwarta ke jira.

A asibiti ta tarar da ƙanwar kwance, ta rame, an sa mata robar iska a hanci. Ƙanwar ta buɗe ido da ƙyar.

"Yaya? Ke ce? Wa ya bar ki kika taho?"

"Bari kuma? Ke dai matsa min in miƙe ƙafa."

Ƙanwar ta fara dariya, tari ya sarƙe ta, ta matsa.