Hannu Ta Taga

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a hanyar Funtua zuwa Malumfashi ya san akwai dokar da ba a rubuta ta a allon gefen titi ba. Titin layi biyu ne kacal, na tafiya da na dawowa. In ƙaramar mota ta faɗa bayan babba, direbanta ya zama makaho, ba ya ganin komai sai buhuna da tamfol. Shi kuwa na babbar yana can sama, yana hango abin da ke tafe, saboda haka sai ya ara wa na baya ido. In ya zuro hannu ta taga yana yi kamar mai fifita wuta, to taho, hanya fes take. In ya kifa tafin hannu yana danna iska ƙasa, to dakata. Wanda aka ba hanya, in ya zo daidai kan motar, sai ya danna hon sau biyu gajeru, godiyarsa ke nan. Direbobi sukan cuci juna a lodi, sukan yi zage-zage a tasha har a taɓa iyaye, amma ban taɓa jin wanda ya yi ƙarya da wannan hannun ba in ba Haladu ba.

A lokacin yana jan wata gingimari ta wani Alhaji a Malumfashi, mai zanen jan zakara a ƙofar baya. Haladu mutum ne mai zafin kai, irin wanda in ka taka shi bisa kuskure sai ya bi ka har gida. Wata rana ya ɗauko masara zuwa Funtua, shi kaɗai a gidan gaba, sai wata shuɗiyar Golf ta manne masa bayan an bar Bakori. Hon ba ƙaƙƙautawa, fitila ana kunnawa ana kashewa, har wani fasinja ya leƙo ya watsa masa daƙuwa. Haladu ya gani a madubi, ransa ya ɓaci. Can gaba, bayan wata kwana, ya hango kan tankar mai tana gangarowa. Ya ce a ransa bari ya ba ɗan banzan nan tsoro, in ya leƙo ya ga tanka ai zai koma da gudu. Sai ya zura hannu ya yi fifita.

Direban Golf bai leƙa ba. Me zai leƙa, an ba shi hannu? Ya fito gaba ɗaya ya taka mota. Da ya zo daidai tagar Haladu ya danna hon sau biyu, ya yi godiya.

Mutum bakwai ne a ciki, tankar ba ta bar ko ɗaya da rai ba. Haladu bai tsaya ba, kuma ba wanda ya neme shi, domin kowa ya ɗora laifin a kan gaggawar mamaci. Wata uku bayan haka ya ajiye makullin gingimarin ya ce bayansa ke ciwo. Motar ma ba ta daɗe ba injinta ya buga, masu sayen tsohon ƙarfe suka yanyanka ta a gabansa, ya ga an jefa ƙofar zakaran a kan sikeli. Ya cire agogonsa mai jan maɗauri, wanda ke hannun a ranar, ya wurga a rijiyar bayan gari. Abu ɗaya ne bai iya jefarwa ba: hannun kansa, mai guntulallen ƙaramin yatsa da jak ya datse tun yana koyon tuƙi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya koma ƙauyensu kusa da Bakori, yana noma, yana jan wata tsohuwar ƙaramar mota ranar kasuwa. Mutane suka ce Haladu ya shiryu, har ana ba yara misali da haƙurinsa a titi. Fasinjoji kuwa ba su son motarsa, don ko babbar mota ta ba shi hannu har hannun ya gaji, ba zai wuce ba sai ya ga hanya da idonsa. In an yi masa tsiya sai ya yi murmushi ya ce, “Mu dai isa lafiya.” Ko matarsa Naja'atu, da suka yi shekara goma sha huɗu tare, ta ɗauka tsoron Allah ne kawai.

Ranar da abin ya faru cikin watan Agusta ne, masara ta fi mutum tsawo, ana yayyafi tun hantsi. Bayan azahar 'yarsu Bushra, mai shekara tara, ta je bayan gida tsinko yakuwar miya, gamsheƙa ta sare ta a idon sawu. A ƙaramin asibitin ƙauye ma'aikacin ya ɗaga fatar idonta, ta sake faɗowa da kanta. Ya dubi Haladu.

“Malam Haladu, allurar dafin maciji sai Funtua. Dafin numfashi yake kamawa. Ko gaisuwa kada ka tsaya yi da kowa.”

Naja'atu ta shiga baya ta rungume yarinyar a cinya. Ranar Haladu ya tuna shi direba ne. Ya ratsa Bakori yana danna hon, masu babura suna watsewa suna zaginsa. Daga nan zuwa Funtua, yadda yake takawa, bai kai minti goma ba.

Suna barin gidajen ƙarshe ya ga babbar mota a gaba, kuma bai ga ta inda ta hau titi ba. Ta sha lodi har buhuna sun zubo ta gefe, tana tafe a tsakiyar titi kamar saniya mai ciki. Baƙin hayaƙi na fita ta hagunta yana kwanciya a kan layin masu zuwa, tayoyinta na feshin ruwa. Dama kuwa kwata ce cike da ruwa, sai masara. Haladu ya taka burki ya manne mata, ya danna hon. Da ruwa ya ɗan wanke gilashi sai ya ga ƙofar baya. Jan zakara ne, da karcen nan da ya cinye rabin wutsiyarsa, karcen da shi da kansa ya yi a kasuwar Dandume.

Ya ce wa zuciyarsa masu fenti suna da yawa, zakaru ma haka. Bai gama faɗa ba hannu ya fito ta taga ya fara fifita.

“Alhamdu lillahi,” in ji Naja'atu daga baya. “Malam, ga shi ya ba ka hanya.”

Haladu ya karkata mota hagu, ya leƙa. Hayaƙi da feshi, ba ya ganin taku ashirin. Sai idonsa ya koma kan hannun. Agogo mai jan maɗauri. Yatsu huɗu da guntu. Ya dubi nasa a kan sitiyari, ya sake duban wancan. Ya mayar da mota layinsa da sauri har kan Bushra ya bugi ƙofa.

Ya jira tankar ta wuce. Ya ƙirga a ransa har talatin. Babu abin da ya wuce, ko keke. A nan ne ya lura tun da suka bar Bakori bai ga mota ko ɗaya ba, ba mai zuwa ba mai bin baya, a hanyar da ko ranar Salla ba ta rabuwa da motoci. Babu ɗan acaɓa, babu mai kiwo a gefe. Masara kawai, tsaye cik dama da hagu, ko motsi ba ta yi duk da ruwan.

“Malam, me ka tsaya yi? Miyau na zubo mata. Ba ta iya haɗiya.”

“Ban ga hanya ba.”

“Shi ai ya gani! Ba don haka ya ba ka hannu ba?”

Ya danna hon, ya kunna fitila ya kashe, ya sake kunnawa. Sai ya ankara da abin da yake yi, da kuma wanda ya taɓa yi masa haka a daidai wurin nan, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Gingimarin ba ta ƙara gudu ba, ba ta rage ba. Allurar gudun motarsa tana kan ashirin.

Hannun ya sake fitowa. Wannan karon a hankali yake fifitawa, kamar mai lallashin yaro ya zo ya karɓi alewa.

“Ka wuce, don girman Allah ka wuce!”

Tsoro ne ya matse maganar ta fito, ba tuba ba, kada in yi masa ƙarya. Idonsa na kan hannun ya faɗa mata komai: masarar, shuɗiyar Golf, daƙuwar, tankar da ya gani sarai, da hon biyun nan da yake ji kullum in ya sa goshi a ƙasa. Ya ce, “Hannuna ne wancan, Naja'atu. Na san abin da yake yi wa mutane. In na fita, dukanmu uku ne.”

Ya zaci za ta yi salati ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba.

“Ba ruwana da abin da ka yi,” ta ce. “Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ka je ka ji da shi gobe. Ni 'yata nake riƙe da ita. Ko aljani ne ya ba ka hanya, ka karɓa.”

Ya gwada, wallahi ya gwada. Ya sa giya, ya fito da rabin mota cikin hayaƙin. Ƙafarsa ta ƙi taka totur, kamar ta wani. A cikin baƙin hayaƙin yana ganin ƙarfen gaban tanka, yana jin nauyinta a ƙirjinsa. Ya koma. Ya sake ƙirgawa, ba abin da ya wuce.

Numfashin Bushra ya koma wani ɗan ƙara siriri, ya zo, ya daɗe, ya sake zuwa. Uwar tana kiran sunanta tana shafa mata kai, tana cewa ga Funtua nan, ga ta nan. Haladu ya gane bishiyar ɗorawar da ke gefen dama. Sun iso kwanar.

Hannun ya fito na uku. Bai yi fifita nan da nan ba, sai da ya buɗe tafin ya juya shi sama, kamar mai rantsuwa ba ya ɓoye komai. Sa'annan ya kira shi.

A nan Haladu ya tabbata. Waɗancan biyun yaudara ce don ya saki jiki, nan ne ake jiransa, nan tankar take. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya danne burki har mota ta kusa tsayawa, ya rufe ido yana jiran rugugin ta wuce.

Abin da ya ji kawai shi ne yayyafi a kan rufin mota.

Da ya buɗe ido sun fita kwanar, titi ya miƙe sambal har gidajen farko na Funtua, wayam, ko akuya babu. Gingimarin ta kunna sigina kamar ta kowane direban kirki, ta sauka dama ta bi wani ɗan burtali da ko amalanke ba zai shige shi ba. Masara ta rufe bayanta, kara ɗaya bai karye ba. Daga can ciki aka danna hon sau biyu gajeru.

Nan take titi ya cika. Bas ta wuce shi tana zagi, babura, tirela, masu tallan gyaɗa. Ya taka motar iya ƙarfinta, ya shiga ƙofar asibiti ko tsayawar masu gadi bai yi ba. Agogon mota ya nuna sun yi minti arba'in da biyu daga Bakori.

Ma'aikatan sun yi ƙoƙarinsu. Allurar tana nan, an ma fasa kwalbar. Wata nas ce ta fito ta dafa kafaɗar Naja'atu, ta ce yarinyar ba ta daɗe da cikawa ba, jikinta ma da ɗumi.

Haladu yana tsugune a gindin motarsa ruwa na dukansa lokacin da Naja'atu ta fito. Takalmin Bushra ƙafa ɗaya na hannunta. Ta tsaya a kansa, kuma abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kawo ta gidansa, ta kira shi da sunansa.

“Haladu. Sau uku ya ba ka hannu. Ina kallon titin ta gefena, sau ukun nan babu kowa.”

Ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi, ruwa na bin guntun yatsan.

“Na san hannun,” ya ce.

“Ka san shi,” ta ce. “Amma yau gaskiya ya faɗa maka.”

Ta buɗe ƙofar baya ta ɗauko zanen da za a rufe yarinyar, ta koma ciki.