Jan Layi Ɗaya

Tun da aka binne Mama, Tabarau da yayanta ba su sake yin maganar arziki ba, in ka cire "miƙo mini caja" da "matsa in wuce". Shagon hoto ne ya haɗa su, shi kuma ya hana su rabuwa. Shi ke riƙe kyamara, mutanen layin na kiransa Mai Hoto. Ita ke zaune a ƙuryar shagon gaban kwamfuta tana haɗa bidiyo, sunan Tabarau kuwa tun tana firamare aka liƙa mata shi saboda gilashin idonta. Ciki ɗaya suka fito, amma wallahi in ka shiga shagon nan sai ka rantse gaba suka gada.

Abu ɗaya ya rage da su biyun ke ganin girmansa, wani bidiyo da ke kan katin kyamara. Dab da rasuwarta Mama ta sa aka ɗauke ta, ta ce tana da magana da Auta, ƙanwarsu da ke karatu can nesa, wadda ba ta samu isowa ba har aka yi jana'iza. Muryar Mama ta riga ta dushe a lokacin, sai da aka maƙala mata ɗan makirfo a wuyan riga. Bidiyon ba shi da kwafi ko ɗaya, kuma babu wanda zuciyarsa ta iya kallonsa a cikinsu. Katin na nan a aljihun jakar kyamara yana jiran mai shi. To, ga Auta ta bugo waya, ta ce tana tafe ƙarshen mako.

A makon ne rigimar kwamfuta ta taso. Kwamfutar ta kwana biyu, in aka sa ta fitar da bidiyo sai ka sha shayi, ka wanke kofin, ka dawo ka tarar ko rabi ba ta kai ba. Masu aiki suna zuwa suna komawa hannu rabbana.

"Ke da kwamfutar nan ban san wanda ya fi nawa ba," in ji Mai Hoto, yana tsaye a kanta.

"Na faɗa maka ram ce matsalar, Yaya. Ita ke riƙe aikin da ke hannun kwamfuta, kuma tamu ba ta da sauri. A canza ta."

"A canza ki dai. Akwai wani a bayan tasha, da irin wannan akwatin yake fitar da aiki kafin ki gama goge gilashinki. In kin gaji ki faɗa mini in kira shi."

Maganar ta ƙona mata rai. A kawo bare ya zauna a kujerar da Mama ta saya mata? Sai dai bayan ranta.

A waya ta gano dabarar. Wani mai gyara ne ke bayani cewa sandunan ram sukan iya gudu fiye da yadda aka saita su, in ka shiga shafin saituna da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi. Ya ce a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tabarau kuwa haushi ke cin ta, ina ta ga haƙurin kaɗan-kaɗan? Washegari ta shiga, ta zaɓi lamba mafi girma da ta gani, ta danna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Fankokin ciki suna ta juyawa, akwatin na wani ɗan kuka, amma ko ɗigon haske babu.

Mai Hoto ya leƙo, ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Sannu injiniya! Da tana rarrafe, yanzu kin kwantar da ita gaba ɗaya. Madalla."

Ta kwance murfin akwatin, ta lalubo ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, ta cire, ta jira, ta mayar. Kwamfuta ta farfaɗo, ta manta duk abin da aka yi mata. Daga nan Tabarau ta shiga taitayinta. Ta ƙara gudu mataki ɗaya, ta tashi. Ta ƙara wani, ta tashi. Da ta fara tangal-tangal sai ta ɗan ƙara wa sandunan wuta, ta sassauta musu lokacin jira, kamar yadda mai bayanin ya nuna. Abin ya fara yi mata daɗi, rabon da ta ji daɗin wani abu a shagon nan har ta manta.

Saura gwaji. Mai bayanin ya ja kunne sosai a nan: tashi ba shi ne lafiya ba. Ram da aka matsa wa takan yi kuskure shiru, ta ɓata abin da ya ratsa ta cikinta ba tare da kowa ya sani ba. Akwai manhajar da ake sawa a filashi, ta cika allo da shuɗi tana rubuta lambobi cikin ram tana karanta su. A bar ta ta daɗe tana yi, kuma a yanayin da ake aiki kullum. Jan layi ko ɗaya ya fito, a koma baya.

Da sanyin safiya ta yi nata gwajin, murfi a cire, ta jawo babbar fankar shago ta saita ta cikin akwatin. Allo ya tsaya shuɗi tas, ba ja ko na magani.

"Fankar baƙi ce kika ba ƙarfe?" Mai Hoto ya finciko wayar fankar daga soket. "Mutane na zufa a benci. Ki rufe cikin abin nan kuma, shago ya koma bola."

Ta rufe. Ta san gwajin safe ba gwaji ba ne, don haka da rana ta take, ƙuryar ta ɗauki zafi kamar gidan burodi, sai ta sake sa filashin. Yana cikin gudana Mai Hoto ya shigo da abokinsa telan maƙota, don kawai ya samu ɗan kallo.

"Zo ka ga ƙanwata. Tun safe take kallon shuɗin allo kamar mai jiran a fara wasan ƙwallo."

A daidai lokacin jan layin ya fito. Ɗaya tak, siriri, can ƙasan allo. Kafin su biyun su gama dariya ta danna maɓallin fita, ta zare filashin.

"An gama," ta ce. "Lafiya ƙalau."

"Mu gani a ƙasa."

Ta ɗora aikin da ya saba cinye musu rabin yini. Ya fita da sauri ƙwarai, har tela ya ce, "Kai, ashe yarinyar nan ta san abin da take yi." Mai Hoto ya sha mur, ya ja tsaki, ya fice. Daɗin da ta ji ba ya misaltuwa. Ta ce a ranta za ta rage gudun in ya bar shagon. Amma in ta rage, aiki zai koma jan ƙafa, shi kuma idonsa na kan agogo yana jiran ranar da zai ce ai da ma ya faɗa. Sai ta bar shi a haka. Layi ɗaya ne fa, kuma kwamfutar na aiki.

Ana gobe Auta za ta iso, da tsakar rana, kwamfuta na tsakiyar fitar da wani dogon aiki, murfinta ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu, Mai Hoto ya jefo kati a teburinta.

"Kwashe na Mama. Ɗaya katin ya mutu, gobe da safe ina da yaye ɗalibai."

Ta kalli katin, ta kalli akwatin. "Bari zuwa anjima, ta huce."

"Ta huce? Ba kin ce kin gyara ba?" Ya sunkuyo har tana jin hucinsa. "Ko ƙarya kika shara mana ni da tela?"

Kalma ɗaya ta rage ta faɗa, ta kuma san kalmar. Amma ta ɗago ta ga murmushin da ya riga ya shirya a gefen bakinsa, sai ta ji gara komai ya faru. Ta cusa katin. Da ya gama kwafa ta buɗe farkon bidiyon: ga Mama a jingine da filo, tana gyara ɗankwali. Tabarau ta rufe da sauri, idonta ya cika.

"Na kwashe."

Ɗabi'arsa ce tun da ya fara sana'a, da ya ji "na kwashe" sai ya goge kati nan take, kada ya manta. Ya zura shi a kyamara, ya danna, shi ke nan. Bai daɗe da fita ba kwamfutar ta daskare, ta kashe kanta, ta sake tashi. Tabarau ta duba, ta ga sunan bidiyon na nan a wurinsa, ta yi ajiyar zuciya. Ba ta gaya wa kowa ba. Washegari Mai Hoto ya cika katin maƙil da 'yan makaranta masu jefa huluna sama.

Auta ta iso da la'asar, ko jaka ba ta kai gida ba ta zarce shago. Ta rame, ta ƙara kama da Mama. Aka ba ta kujerar Tabarau, su biyun suka tsaya a bayanta, kowa na kaffa-kaffa kada kafaɗarsa ta taɓa ta ɗan'uwansa.

Aka kunna bidiyon. Mama ta gyara ɗankwali. Ta dubi kyamara, ta yi murmushi. "Auta, 'yar albarka. Ki saurare ni da kyau, abin da nake so ki..."

Fuskar ta tsage. Wasu korayen murabba'ai suka mamaye ta, baki ya zame gefe ya tsaya, murya ta koma ƙara irin ta rediyon da ya rasa tasha. Lokaci na tafiya a ƙasan allo, hoto ba ya motsi.

"Me kika yi?" Mai Hoto ya daka mata tsawa. "Na ce me kika yi!"

"Wa ya goge katin? Wa ya kasa jira ko na yini ɗaya?"

"Ke kika ce kin kwashe! Ke kika ce lafiya ƙalau!"

Suna cikin haka hoton ya dawo garau, kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Ƙarshen bidiyon ne. Mama ta riga ta gama maganarta, tana haki. Daga bayan kyamara ake jin muryoyi biyu a sarari, ta Mai Hoto yana cewa a ja labule haske ya yi yawa, ta Tabarau tana cewa ai shi ne bai iya saita kyamara ba, shi yana cewa ta rufe masa baki. Mama ta dube su, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ce, "Ya isa haka. Ku kashe abin nan."

Bidiyon ya ƙare a nan.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta juyo da kujerar a hankali. "Ba komai," ta ce. "Ai kuna wurin. Yaya, me ta ce?"

Mai Hoto ya sunkuyar da kai yana murza igiyar kyamara.

"Anti, ke fa? Ko kalma ɗaya."

Tabarau ta cire gilashinta tana gogewa da gefen mayafi. Ta lalubi ranar nan a zuciyarta tun daga farko har ƙarshe. Tana tune da launin labulen, tana tune da kowace baƙar magana da ta mayar wa yayanta, har da wadda ta so faɗa ba ta samu dama ba. Daga bakin Mama kuwa babu abin da ta ji.

Auta ta jira su. Da ta ga ba mai magana, sai ta juya, ta jawo maus ɗin kwamfutar, ta mayar da bidiyon farko.