Gwajin da Ba Ya Faɗuwa

Ranar da aka ƙara wa Dogo girma, aka ba Injiniya teburinsa da aikinsa. Ta ja kujera, ta ɗora yatsu a kan kibod, sai ta ji sun manne. Tsohon maiƙo ne ya yi baƙi a tsakanin maɓallan, ga guntayen farce. A bayan allo kuma wani kofin shayi ya yi funfuna har ta yi gashi. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta kama aiki.

Kamfanin na ƙera ƙananan na'urori masu sarrafa famfon ruwa, kowacce da tsohon shirin kwamfuta a cikinta. Linka, wato manhajar da ke ɗinke guntayen sabon shiri, adireshi kawai ake so ta ɗauko daga tsohon, ta bar kayan cikinsa inda suke. In ta kwaso har kayan, na'ura za ta cika ta tsaya cak. Dogo ne ya rubuta gwajin da ke tabbatar da cewa ba ta kwaso kayan ba.

Ta kunna gwajin, ya nuna kore, alamar komai daidai. Ta lalata adireshi ɗaya da gangan, kore. Ta goge fayil ɗin tsohon shirin ɗungurungum. Kore dai! Da ta buɗe cikin gwajin sai ta ga ba ya duba komai, an dai sa shi ya riƙa cewa lafiya lau. Sabon shirin kuwa ya kumbura da kayan da ba nasa ba.

Ta iske Dogo a sabon ofishinsa yana sakace da murfin biro.

"Yallaɓai, gwajinka ko fayil babu wucewa yake yi."

Ya duba abin da ya ciro daga haƙori, ya shafa a hannun kujera. "Ƙanwata, Oga kore yake son gani. Na ba shi kore. Wa ya mutu?"

Ta koma ta rubuta gwaji na gaskiya, allo ya yi ja, ta bi ta gano kuskuren ta gyara.

A taron mako Oga ya miƙe ya ce a tafa wa Dogo, sashensa ya ceci kamfani daga kunya. Dogo ya dafa ƙirji, ya yi gyatsa, ya ce ai aikin kowa ne. Aka tafa. Injiniya ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, ta ƙura wa taga ido har aka tashi.