Taku Uku

Ranar Laraba, kwana arba'in da ɗaya da rasuwar Rakiya, Malami ya cire ta daga cikin wasan da ya rubuta a kwamfuta.

Ya taso daga Jega da safe a motar da ta fi mutunta buhunan albasa a kan mutane, ya sauka Aliero rigarsa na wari. Makarantar da yake koyarwa ɗaki biyu ce a bayan kasuwa. Wani dillalin albasa ne ya ji an ce kwamfuta ita ce gobe, ya sayo guda huɗu da janareta, ya shiga neman wanda ya iya. Malami ya yi shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a sakandare, kuma ya karanta littafin C++ daga bango zuwa bango sau biyu. Shi aka samu.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne. Gona ce mai layi goma, kowane layi ɗigo goma, fararen haruffa a kan baƙin allo. M manomi ne, ana tuƙa shi da maɓalli huɗu: gabas, yamma, kudu, arewa. A akuya ce mai ɓarnar albasa, ita ake kora. R matar manomi ce, tana biyo shi da abincin rana. Da wannan yake koya wa ɗalibai gado: ka rubuta tushe guda mai harafi da tafiya, sauran halittu su gaji komai daga gare shi, kowacce ta sauya abin da aka ce ta sauya.

R ya fara rubutawa, bara. Da ya zo yin akuya da manomi, ƙyuya ta hana shi sake tushe, sai ya ɗora su a kanta, ya ba kowanne tasa tafiyar. Littafin ya yi kashedi a kan irin wannan. Ya karanta kashedin sau biyu.

Ƙarfe biyu ɗalibai za su zo, kuma ba zai iya tsayawa gabansu ya nuna allo ya ce ga matar manomi ba. Ya goge layin da ke sa R a gona. Ya sauya sunan tushen daga Rakiya zuwa Halitta. Don kada gonar ta yi fili da yawa ya ƙara kare, K, layi biyu kawai. Ya kunna.

K ya bayyana a kusurwar yamma. Malami ya danna gabas, K ya yi taku ɗaya ya biyo M. Ya sake dannawa, ya sake. A na huɗu karen bai motsa ba. A ƙasan allon rubutu ya fito:

Malam, jira ni kaɗan.

Ya ɗauke hannunsa daga maɓallan. Rana tsaka ce, janareta na ruri a waje, wani yana cigiyar mai baro.

Sa'idu, mai koyar da buga takardu a ɗaki na biyu, ya leƙo da ƙullin gyaɗa a hannu.

"Malami, mi kaka kallo haka? Ko ta ƙone?"

"Zo ka gani."

Sa'idu ya sunkuya ya karanta, ya tuntsire da dariya. "Karen naka na magana? Har da su Malam! Wanga ya hi ɗalibanmu ladabi." Sai ya katse dariyar. "Tsaya. Wagga ba maganar marigayiya ba ce? Na sha jin ta tana hwaɗa maka haka a tashar Jega."

"Ita ce."

"Innalillahi. Kashe abin ga, Malami. Kashe shi in kira liman."

"Bar liman ya ci abincinsa. Ba aljani ba ne, ni ne. Ban rubuta wa karen tafiya tasa ba, sai ya ɗauki ta tushe. Tushen kuwa ita ce. Suna kawai na sauya."

Ya faɗi haka da muryar aji, kuma gaskiya ce. Sanin bai rage masa komai ba.

Tun shekara guda kafin rasuwarta ta fara tsayawa a hanya. Daga gidansu a Jega Firchin zuwa tasha, taku kaɗan sai ta dafa bango. Shi yana gaba da jakarsa, ba ya waiwayowa. Ya ce ƙiba ce. Ya ce son jiki ne. Ya ga abin ya isa dariya, ya sa shi a wasa: taku uku, tsayawa, da maganar da take yi. Wata Asabar ma ya kawo ta har nan don ta gani. Ta daɗe tana kallon allon, tana haki daga tafiyar bayan kasuwa. Ta ce, "Ashe kana jina."

A Kuberi ta faɗi, can wajen Maiyama, tsakanin mota da ƙofar gidan mahaifiyarta. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da kumbura, ya tambaya ko ba wanda ya lura.

"To gyara shi," in ji Sa'idu, yana ja da baya. "Layi nawa ne?"

"Shida."

"Goge su kahin yara su taho. Ba ka koyarwa da wanga abu."

Malami ya buɗe rubutun, ya kai alama kan layukan shida. Ba ta bar wasiƙa ba. Ba su taɓa ɗaukar muryarta a kaset ba. Duk duniya nan ne kaɗai maganarta ta saura, kuma da hannun mai yi mata ba'a aka rubuta ta.

Bai goge ba. Ya koma cikin wasan, inda karen ke tsaye da roƙonsa a ƙasa. Ya nemi maɓallin da zai sa manomi ya jira. Babu. Gabas, yamma, kudu, arewa. Yana iya juyawa ya tare shi, amma ba abin da aka roƙa ba ke nan. Shekara guda yana koyarwa da wannan wasa, bai taɓa lura manominsa bai iya tsayuwa ba.

Layi ɗaya ya ƙara. Ya kunna, ya danna sabon maɓallin.

M ya tsaya. K ya yi taku ɗaya.

"Malami, mi kaka yi?"

Malami ya sake danna maɓallin. Ya danna, ya danna. Taku uku, karen ya tsaya. Malam, jira ni kaɗan. Ya danna. Taku uku kuma. Harafin yana ratso ɗigogin a hankali, akuya tana cinye albasa a can kudu ba mai kora. Sau uku roƙon ya fito, sau uku ya jira.

K ya iso gefen M.

Ba abin da ya faru. Bai taɓa rubuta abin da zai faru in ta iso ba. Haruffan biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar gona, ƙasan allon fayau.

A waje aka fara jingine kekuna. Sa'idu ya dubi allon, ya dubi abokinsa, ya fita ya jawo ƙofa. Malami ya ji shi yana cewa, "Ku dakata nan tukuna, Malam na aiki."

Ya sake buɗe rubutun. Ƙarƙashin layinta ya buɗe sabo, na manomi. Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan. Amsar ba ta da tsawo; da ya faɗe ta tun tana raye, da ta shiga tsakanin bangon da take dafawa da na gaba.

Yi a hankali, Rakiya. Ina nan.