Haruffa Marasa Wutsiya

Duk unguwar Roumdé Adjia ba wanda bai san hannun Achille mai fenti ba. In ya rubuta maka allon shago, kowane harafi sai ka gan shi da wutsiya da inuwa, wani ma har da fure a ka. Mahauta, teloli, masu aski, kowa shi yake nema. Shi kuma kai ya kumbura, har yana cewa harafin da ba ado tsirara yake yawo.

Ana nan sai Brahim, mai sabuwar tashar mota, ya ba shi aikin allunan sunayen garuruwan da motoci ke zuwa. Amma Brahim na da tasa ƙa'ida: kowane allo sai mahaifiyarsa, Hajja Halime, ta karanta shi daga tsallaken titi. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma a ganin ɗan, abin da ta iya karantawa ba fasinjan da zai gagara.

Achille ya kawo na Figil, ya sha kwalliya har da ruwan zinare. Hajja ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta kasa karantawa.

"Maître," in ji Brahim, yadda ake kiran gwanin sana'a da Faransanci, "gobe ka gwada da na Meiganga. In shi ma bai karantu ba, masu kwamfuta zan kai wa."

Maganar nan ta yi wa Achille zafi. Shekara ashirin yana riƙe da buroshi, a ce inji ya ƙwace masa aiki a unguwarsu? Ya koma rumfarsa yana ƙunƙuni, ya lalubo rula, abin da rabonsa da shi tun yana koyo. Ya ja baƙaƙen haruffa a kan fari, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa. Ya buɗe cikin G da A sosai don kada su toshe daga nesa, ya bar wa kowanne fili ya sha iska. Da ya ja baya ya duba, kunya ta kama shi, don gani ya yi kamar kazar da aka fige. Ko lambar wayarsa ƙin sawa ya yi a ƙasan allon.

Washegari da hantsi Hajja ta tsaya a tsallake, masu babur suna ta giftawa.

"Meiganga!" ta ce, tun ba a gama ɗaga allon ba.

Brahim ya tafa. "Voilà! Aiki naka ne, Maître."

Achille har ya soma washe baki, sai ga tsohuwar ta tsallako ta kama hannunsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekara uku ina duba allunan shagunan unguwar nan, ko ɗaya ban taɓa karantawa ba. Har aji na daina zuwa, na ce kaina ne ya tsufa. Ashe na iya!"

"Amin, Mama," ya ce a hankali. Ya kasa haɗa ido da ita, don allunan nan aikin hannunsa ne.