Abin da Ke Bayan Auta

An kammala sake zana bangon ranar Asabar da yamma, ban da wuri ɗaya a tsakiyarsa da aka bari fari fat, daidai tsayin mace da faɗin hannuwanta in ta buɗe su. Mutum huɗun da suka sa aka yi aikin sun kasa cewa ga abin da ya kamata ya shiga wurin, ko da yake dukansu sun yi shekaru suna tsayawa a gabansa.

Asalin zanen yana jikin bangon tsohuwar maɗaba'a, a lungun da ke bayan tashar mota. Wanda ya zana shi ana ce masa Shuni, don ƙarƙashin farcensa bai taɓa rabuwa da shuɗin fenti ba. Ya rasu shekarun baya bayan gajeriyar jinya. Bara wani ɗan kasuwa ya sayi ginin ya mai da shi shagon tayil, ya sa aka shafe bangon da farin fenti, aka rubuta lambar waya a sama.

Ƙanwar Shuni, wadda kowa ke kira Auta, ita ta nemi a dawo da zanen. Ita ce mai rera waƙa a 'yar ƙungiyar da suka yi a lungun: kiɗan kwamfuta da muryar mace guda, ba kamfani, ba mai ɗaukar nauyi. Ɗan Waya ke haɗa kiɗan a wani ɗaki da ya lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai. Tela, wadda shagonta ke kallon maɗaba'ar, ita ke ɗinka musu kayan fita. Mai Hoto kuma ta riƙa ɗaukarsu a gaban zanen duk lokacin da aka yi sabuwar waƙa ko sabuwar riga. Faifai ɗaya suka fitar, suka sa masa suna Fenti Bai Bushe Ba. Yanzu Auta tana koyarwa a makarantar firamare, Ɗan Waya yana haɗa lasifika a wuraren taro, Mai Hoto tana ɗaukar hoton fasfo.

Tela ta ba da bangon shagonta. Wasu masu zane biyu da suka koyi aiki a hannun Shuni suka ce za su yi, muddin aka ba su abin kwaikwaya. Mai Hoto ta ce wannan ai ruwan sha ne, hotunan bangon da ke wurinta sun fi gashin kai.

Suka haɗu a shagon Tela, aka ɗora kwamfuta a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Mai Hoto ta yi mako tana yanko guntun bango daga kowane hoto tana haɗawa kamar mai faci. Ga kifin nan mai kan rediyo. Ga keke mai fukafukai. Ga wayoyin lantarki da suka bi ta sama suka rikiɗa suka zama kitson wata tsohuwa. A tsakiya kuwa akwai rami baƙi, kuma ramin yana da kai da kafaɗu.

"Wannan kuma wace ce?" in ji Ɗan Waya.

"Ni ce," in ji Auta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Da la'asar hasken rana kan ratso tsakanin gine-gine biyu ya sauka a wuri ɗaya a jikin bangon. Tun hoton farko Mai Hoto ta kafa murfin kwalba a ƙasa da ƙusa, ta ce nan mai waƙa za ta riƙa tsayawa. Ba a taɓa saɓawa ba.

"Yanzu ke duk shekarun nan ba ki taɓa ɗaukar bangon shi kaɗai ba?" Tela ta tambaya, da fil a bakinta.

"Anti, wa ke ɗaukar bango? Bango ai ba ya gudu."

"To ga shi ya gudu ya bar ki da kyamara a wuya."

Tela ta ce ita dai tsuntsu ta sani a wurin, mai dogon baki. Ɗan Waya ya ce haba Anti, ƙofa ce a buɗe, har Shuni yana cewa wata rana zai shige ta ya huta da ku. Mai Hoto ta ƙara girman hotunan, sai ga shi dukansu sun yi gaskiya. A na farko-farko, bakin fiffike ya leƙo ta saman kafaɗar Auta. A na tsakiya, kusurwar ƙofa. Shuni ya bar sauran bangon yadda yake, amma wannan wurin ya yi ta shafewa yana sakewa.

Na ƙarshe shi ne matsalar. A hoton da ya zama bangon faifan, Auta tana sanye da wata riga da Tela ta haɗa da ƙyallayen tsofaffin allunan talla, hannun rigar kamar lema. Ta buɗe hannuwa. Abin da rigar ba ta rufe ba shi ne ɗan layin rawaya a gefen kwiɓinta.

Auta ta tuna ranar. Ta makara, Mai Hoto tana ta ihu rana za ta faɗi, aka zura mata rigar a bakin shago, aka tura ta da baya har kan murfin kwalbar. Yayanta yana tsugune gefe yana goge hannu, ya ce, "Kada ki jingina, bai bushe ba." Daga nan suka samo sunan faifan. Da aka gama duhu ya fara, suka wuce ɗakin kiɗa. A makon ne aka sauke kwantenar mai sayar da katin waya daidai wurin, ta zauna nan har ranar da aka zo da farin fenti.

"Amma na jingina," in ji Auta. "Kaɗan. Na ji rigar ta kama. Anti, tana ina?"

Tela ta cire fil ɗin daga bakinta. "Tana nan. Sai dai bayanta na wanke shi da kananzir tun a ranar. Rigar da na kusa makancewa a kanta, ku ɓata min da fenti?"

Babu wanda ya yi dariya sai Ɗan Waya, shi ma bai ƙarasa ba. Ya murza gemu, sannan ya ce, "Ai ina wurin da ya zana."

Suka juyo gaba ɗaya.

"Wannan fesawar da ke buɗe waƙar farko, wadda mutane ke cewa kamar ruwan sama a kan kwano? Gwangwanin fentinsa ne. Ranar na naɗi sautin. Abin da na sa a waƙa guntu ne, cikakken yana nan."

Ya nemo shi a wata tsohuwar ma'ajiyar kwamfuta da ya naɗe da safa. Ya haɗa da ƙaramar lasifika, Tela ta kashe fanka. Da farko ƙarar ƙwallon da ke cikin gwangwani, kas-kas-kas. Sai doguwar fesawa. Wata gajera. Babur ya wuce. Wani yana fito, yana kashe waƙar Auta yadda ya saba kashe ta. Sai tari, sai muryar Shuni, kusa da makirufo kamar yana tsaye a shagon.

"Miƙo min rawaya."

Auta ta ɗauki wani ƙyalle a kan teburin ta shiga ninke shi.

Fesawar ta ci gaba, tana lanƙwasa, tana tsayawa. Muryar ta sake cewa, "Kai, kada ka gaya wa Auta. Bar ta ta juya da kanta, mu ga ko za ta taɓa juyawa."

Sai muryar Ɗan Waya, siririya, ta ƙuruciya: "Malam, yi shiru mana, kana ɓata min sauti."

Ɗan Waya ya tsayar. Fuskarsa tana ƙasa.

"To me ya zana?" in ji Mai Hoto.

"Wallahi idona na kan na'ura, kada sautin ya fashe. Kunne na kai wurin, ban kai ido ba."

"Allah ya shirye ku," in ji Tela. "Mu duka."

"Mai da shi baya," in ji Auta. "Daga inda Yaya ya yi tari."

Ya mayar. Ta sa ya sake mayarwa. Ƙyallen da ke hannunta ya koma kamar akwatin ashana.

An nemo mutumin da ya shafa farin fentin, aka same shi a kan tsani a wata unguwa. Ya ce shi da rola yake aiki, Malama, rola kuwa ba ta da ido. Amma ya tabbatar da abu ɗaya: bai kankare komai ba, bisa tsohon ya shafa. Masu zanen biyu suka ce to yana nan a ƙasa. Suka kuma ce in aka kankare, farin yana iya tahowa shi kaɗai, yana iya tahowa da na Shuni.

Su ne suka ba da shawarar a cike gurbin da tsuntsun, ko da ƙofar, tunda dukansu aikinsa ne. Auta ta ce a bar shi.

Ranar Asabar, da aka sauke tsani, Mai Hoto ta kori kowa daga gaban sabon bangon ta ɗauke shi shi kaɗai, sau da yawa. Sannan ta ce, "Auta, shiga gurbinki, ɗaya tak."

"Na tsaya ya isa," in ji Auta. Ta tsallaka lungun ta nemo murfin kwalbar da ƙafa. Yana nan a kafe, ya yi tsatsa. Ta tsaya a kansa, fuskarta ga farin bango, har hasken ya zo ya wuce.

Ta roƙi mai shagon tayil ya bari a gwada kankare faɗin tafin hannu, daidai kwiɓinta. Ya ce sai ya yi shawara da abokin kasuwancinsa. Har yanzu bai ba da amsa ba.